Turmin haƙorin da ya yi mugunya: a gyara shi ko a cire?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da albasa a Mil 12, gidana yana Agege, shekaruna 41. Akwai turmina na ƙasa ta hagu, na shida idan aka ƙirgo daga tsakiya, wanda aka taɓa yi wa ciko. Cikon ya fita tun bara ban koma ba. Wata biyu da suka wuce ya hana ni barci har kumatuna ya kumbura, na sayi kafso a kemis na sha, ciwon ya lafa. Yanzu ba ya zugi, sai dai wani ɗan ƙurji da ya fito a dasashi kusa da shi, yana fashewa yana dawowa, kuma in na tauna abu ta wajen ina jin sa. Wani asibiti sun ce a yi mini rut kanal a sa masa hula, kuɗin ya tsorata ni. Wani wurin kuma sun ce a cire kawai. Yayana ma ya ce in cire in huta. Ina shan maganin hawan jini, kuma nan da mako uku zan tafi gida Arewa in yi kamar wata biyu. Wanne zan yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara sauƙi.

Lafawar da ciwon nan ya yi ba warkewa ba ce, kuma daga nan ya kamata a fara magana. Haƙori hawa uku ne. Akwai farin ɓawon waje, wanda babu abin da ya kai shi tauri a jikin ɗan Adam. A ƙarƙashinsa akwai wani hawa mai ɗan fatsi-fatsi wanda bai kai shi ƙwari ba. A can tsakiya kuma akwai ɗan ɗaki mai jijiya da ƙananan hanyoyin jini, kuma wannan ɗakin ya zarce ta cikin saiwoyi har ƙashin muƙamuƙi. Da cikonka ya fita, ruɓa ta ci gaba da ci har ta isa ɗakin. Zugin da ya hana ka barci jijiyar ce ta kumbura a wurin da babu sararin kumbura. Daga baya ta mutu, shi ya sa ka ji shiru. Ƙwayoyin cutar kuwa suna nan zaune a ramin da ta bari, suna tsiyaya ta ƙarshen saiwa, suna cin ƙashin da ke riƙe da haƙorin. Mugunyar da ke taruwa a can ƙasa ita ce ta huda wa kanta hanya ta ɓullo a dasashi. Wato ƙurjin nan magudana ce. Muddin tana buɗe ba za ka ji zafi sosai ba, ranar da ta toshe kuma kumburin kumatu zai dawo, sau da yawa ya fi na farko.

Kafson da ka sha ya kwantar da cutar da ta fantsama cikin nama, amma ba zai iya kaiwa ga tushenta ba. Jini ne ke ɗaukar magani ya kai shi inda ake so, cikin mataccen haƙori kuwa jini ba ya gudu. Ko kwali goma ka sha, cikin turmin nan yana nan yadda yake, abin da za ka samu kawai shi ne ɓacin ciki da ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani. Don haka hanya biyu ce kawai: ko a buɗe haƙorin a kwashe dattin da ke cikinsa a toshe, wato rut kanal ɗin da aka ce maka, ko a fitar da shi gaba ɗaya da dattinsa. Tafiya Arewa da shi haka nan ba ta cikin lissafi.

Kafin mu ci gaba, riƙe waɗannan alamomin, ka kuma faɗa wa iyalinka. In kumburi ya sauka ƙarƙashin haɓa ya yi tauri, ko harshe ya fara ɗagowa sama, ko haɗiyar yawu ta gagara, ko baki ya ƙi buɗuwa har yatsu biyu su shiga, ko murya ta canja, ko zazzaɓi mai zafi ya haɗu da kumburi, to ba a jiran wayewar gari. Sashen gaggawa na babban asibiti za a nufa ko da ƙarfe biyun dare ne. Saiwoyin turamen ƙasa suna kusa da gindin harshe, kuma mugunya in ta bi ta nan tana iya matse hanyar numfashi cikin sa'o'i kaɗan. Ciwon haƙori yana kisa ta wannan hanyar.

To, a gyara ko a cire? Ra'ayinmu shi ne a gyara, in har turmin ya cika wasu sharuɗɗa, in kuma kai ma za ka iya kai aikin ƙarshe. Dalili kuwa shi ne irin haƙorin da ake magana a kai. Wannan na shida shi ne turmin girma na farko da ke fito wa yaro tun yana ɗan shekara 6, kuma shi ke ɗaukar mafi nauyin tauna. Da a ce na can ƙurya ne, na takwas, wanda ke fitowa bayan an balaga, da mun ce bi maganar Yaya ka cire ka huta, don ba a cika asarar komai da shi ba. Haka nan da a ce babu abokin taunarsa a sama. Amma na shida, a bakin mai shekara 41 da ke da sauran cin tsire da ƙashin kaza a gabansa, ba a gaggawar rabuwa da shi.

Sai dai ba kowane turmi ke gyaruwa ba, kuma babu mai iya yanke hukunci da ido kawai. Dole a ɗauki ɗan ƙaramin hoton nan na haƙori da ke nuna saiwa har ƙarshenta. Duk wanda ya ce maka a cire ko a gyara bai ɗauki hoto ba, hasashe yake yi. In an ɗauka, ka ce a nuna maka, ka yi tambaya a kan abubuwan nan.

Na farko, nawa ya rage na lafiyayyen haƙori bayan an kankare ruɓar duka? Hular da za a sa, wato murfin da ake kifa wa haƙorin, tana buƙatar abin kamawa. Likitoci suna son a samu bango mai ƙwari da ya ɗago sama da dasashi kamar milimita 2 a kewaye. In ruɓa ta cinye bangon har ta nutse ƙarƙashin dasashi ta kusa ƙashi, ko ta huda ƙasan ɗakin jijiya, wato daidai inda saiwoyin biyu suka rabu, to ko an wanke saiwa tas babu abin da za a ɗora a kai. Irin wannan cirewa ake yi.

Na biyu, akwai tsaga? Wannan ita ce babbar ɓarauniya, don sau da yawa hoto ba ya nuna ta. Likita zai zagaya haƙorin da wani siririn ma'auni yana auna zurfin dasashi. Lafiyayyen dasashi milimita 1 zuwa 3 yake. In ko'ina daidai ne amma a wuri guda ma'aunin ya zurma can ƙasa, ana zargin tsagar da ta sauka cikin saiwa. Wani lokaci sai an buɗe haƙorin ake ganinta. Tsagar da ta tsaya a sama hula tana ɗaure ta. Wadda ta gangara cikin saiwa ba ta ɗinkuwa, kuma duk kuɗin da aka zuba a kanta asara ne. Ka yi yarjejeniya da likita tun farko: in an buɗe an tarar da irin wannan tsaga, a tsaya, a koma maganar cirewa, a kuma san nawa ne kuɗin abin da aka riga aka yi.

Na uku, ƙashin da ke riƙe da shi. Baƙin da'irar da za ka gani a ƙarshen saiwa a hoto, wato inda mugunya ta ci, kada ya firgita ka. Wannan yana cikewa da sabon ƙashi in an wanke haƙorin da kyau, kuma ƙurjin dasashi yakan bushe da kansa cikin mako ɗaya ko biyu. Abin tsoro shi ne ƙashin da ciwon dasashi ya zaizaye daga sama, har haƙori yana girgiɗi sosai ko yana nutsewa in an danna shi. Ginin da tushensa ya zaizaye, gyaran rufinsa ɓata kuɗi ne.

In turmin ya tsallake waɗannan ukun, ga yadda aikin yake, don ka san abin da kake biya. Za a yi maka allurar kashe wuri a can ƙuryar baki, leɓenka na ƙasa da rabin harshe su yi nauyi na sa'a biyu zuwa huɗu. A wurin da ake aiki da kyau za a shimfiɗa wata 'yar roba a bakinka a fito da haƙorin shi kaɗai ta cikinta. Amfaninta biyu: tana hana yawu komawa cikin ramin da ake wankewa, tana kuma hana ruwan wanki da ƙananan kayan aiki faɗawa maƙogwaro. Ka tambaya ko suna amfani da ita, amsar za ta nuna maka irin wurin. Daga nan a huda saman haƙorin a nemo bakin hanyoyin saiwa. Turmin ƙasa na shida yawanci saiwa biyu gare shi, amma hanyoyin cikinsu uku ne, sau da yawa ma huɗu. Kowace hanya za a auna tsawonta da na'ura ko da hoto, a bi ta da wasu siraran ƙarafa masu kaifi a faɗaɗa ta, ana yi ana ɗauraye ta da ruwan haifokulorait, ɗan'uwan bilicin wanki ne da aka tsarma, wanda ke narkar da mataccen nama yana kashe ƙwayoyin cuta. Wankin nan shi ne zuciyar aikin.

Tunda naka yana fitar da mugunya, mai yiwuwa ba za a gama a zama ɗaya ba. Akan zuba wani farin magani mai sinadarin kalsiyam a cikin hanyoyin, a rufe da cikon wucin gadi, ka dawo bayan mako ɗaya ko biyu. In an tarar ciki ya bushe, babu wari, ƙurji ya rufe, sai a cusa wasu siraran tsinkayen roba da ake kira gata-faca, waɗanda asalinsu ƙaron wata bishiya ce ta yankin Malesiya, a toshe kowace hanya har ƙarshenta. Sai a ɗauki hoton ƙarshe. Wannan hoton ma ka gan shi: farin layi ya kamata ya sauka kusan bakin kowace saiwa, ba ya tsaya a rabi ba. Kowane zama na turmi yakan ci sa'a ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Bayan kowane zama akan ji tsami na kwana biyu ko uku in an tauna, wannan ba alamar lalacewa ba ce.

Sai hula. A nan ne mutane da yawa ke yin asara, don da zarar zafi ya tafi sai a ce an gama. Turmin da aka yi wa rut kanal an riga an rarake cikinsa, bangonsa ya yi siriri, kuma an cire jijiyar cikinsa, ba lallai ya gargaɗe ka da wuri ba in ka cije tsakuwa a shinkafa ko ka fasa goro da shi. Rana ɗaya sai ya dare gida biyu, kuma darewar takan sauka har saiwa. Cikon wucin gadi kuma na 'yan makonni ne. In ya zaizaye, yawu ya koma ciki, duk wankin da aka yi ya tashi a banza. Hula tana ɗaure bangon wuri guda tana kuma rufe ƙofa. Ta ƙarfe zalla ta fi araha, ba a sassaƙe haƙori da yawa kafin a sa ta, kuma tana da ƙarko ƙwarai. A turmin ƙasa da ba kowa ke gani ba, babu abin kunya a cikinta. Akwai mai ƙarfe a ciki da farin tangaran a waje, akwai ta zirkoniya fara sol mai tsada. Wadda aljihunka zai ɗauka ita ce daidai, in dai ta zauna daram babu kafar da abinci zai maƙale.

Aikin da aka yi da kyau aka kuma rufe da hula, kusan tara cikin goma suna zama lafiya shekaru masu yawa. Haƙorin da ya riga ya ci ƙashi irin naka nasararsa ta ɗan yi ƙasa da na wanda aka tara da wuri, amma har yanzu rinjaye yana wajen nasara. Waɗanda suka lalace kuwa, dalilansu sanannu ne: an manta hanya ta huɗu ba a wanke ta ba, ko toshiyar ba ta kai ƙarshe ba, ko ƙarfen aiki ya karye a cikin saiwa mai lanƙwasa ya tare hanya, ko ciko ya yi yoyo, ko tsagar da ba a gani ba. Ban da tsaga, sauran ana iya sake buɗewa a gyara. Akan sake hoto bayan wata 6 zuwa shekara 1 a ga ko ƙashi yana cikewa. Saƙon da ke yawo a WhatsApp cewa rut kanal yana jawo kansa ko ciwon zuciya, tushensa wani tsohon ra'ayi ne na wajen shekarun 1920 da bincike ya daɗe da yin watsi da shi. Mugunyar da aka bari a ƙashi ita ce abin gudu.

Yanzu ga gaskiyar da ta shafi aljihu. Ka sa a rubuta maka jimillar kuɗin tun daga hoto, wankin saiwa, cikon dindindin, har hula, da yawan zuwan da za ka yi. Wasu wuraren kuɗin rut kanal kawai suke faɗa, sai an gama ka ji na hula daban. Ka lissafa har da ranakun kasuwar da za ka rasa, don daga Agege ko Mil 12 zuwa asibiti da dawowa a gosulon Legas wuni ne guda. In ka duba ka ga cewa za ka iya biyan rabin farko amma ba ka ga ranar biyan na biyu ba, to da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Cirewa mai tsafta ta fi rut kanal da aka bari a rabi, don wannan ƙarshensa cirewar ce dai, bayan an yi asarar kuɗi da ƙarin ƙashi.

Amma kada ka ɗauka cirewa ita ce ƙarshen kashe kuɗi. Ranar cirewa ita ce mai araha, abin da ke biyo baya a hankali yake zuwa. Ƙashin wurin yana motsewa, mafi yawa a watanni 3 zuwa 6 na farko, kuma cikin shekara guda faɗinsa na iya raguwa da kusan rabi. Turmi na bakwai da ke bayansa yakan karkato cikin giɓin, ya buɗe lungun da abinci ke maƙalewa. Na sama da ya rasa abokin karo yakan zazzago ƙasa sannu a hankali. Ba kowa abin ke tsananta wa ba, akwai masu giɓin turmi ɗaya da suke zaune lafiya, musamman in sauran haƙoran suna nan cif. Sai dai ba a sanin wanda zai dace sai an wuce wurin.

Cike giɓin kuwa hanya uku ce. Haƙorin roba na sawa da cirewa shi ne mafi sauƙin kuɗi, amma a turmi ɗaya mutane da yawa sukan gaji da shi su jefa a aljihu, don ba ya tauna kamar na gaske. Gada tana zama daram, sai dai dole a sassaƙe lafiyayyun haƙora biyu na gefe a rataya ta a kansu. Dashe kuma, wato a ɗaura kusar ƙarfen taitaniyam a ƙashi a jira wata 3 zuwa 6 ta kama sannan a ɗora haƙori, shi ya fi kusa da na asali, kuma kuɗinsa ya zarce na rut kanal da hula nesa ba kusa ba. Wanda ya cire don gudun tsada, in daga baya ya nemi gada ko dashe, ya biya fiye da abin da ya guda.

In hukunci ya faɗa kan cirewa, ga abin da za ka kiyaye. Kumburi ba ya hana cirewa a mafi yawan lokuta, cirewar ma ita ce ke ba mugunya hanya, sai dai wurin da ya yi mugunya ba ya saurin jin allura, saboda haka in kana jin zafi ka ɗaga hannu a ƙara. Jin ana turawa da girgizawa dole ne, jin zafi mai kaifi ba dole ba ne. Turmin da ya ruɓe yakan farfashe, wani lokaci sai an raba saiwoyin an fitar da su ɗaya bayan ɗaya, wannan aiki ne na yau da kullum, ba kuskure ba. Bayan an gama ka cije audugar da aka sa maka da ƙarfi minti 30 zuwa 45 ba tare da kana leƙawa ba. Gudan jinin da ya daskare a ramin shi ne murfin da nama zai tsiro a ƙarƙashinsa, aikinka na kwana ɗaya shi ne kada ya fita. Cikin sa'a 24 na farko ban da kurkurar baki da ƙarfi, ban da tofar da yawu a kai a kai, ban da zuƙar abin sha da tsinke, ban da shayi mai zafi, ban da ɗaukar buhu. A alwala ka sa ruwa a baki a hankali ka bar shi ya zubo da kansa. Taba da shisha a haƙura da su aƙalla kwana 3, in an samu mako ya fi. Daga rana ta biyu sai ka fara kurkure baki a hankali da ruwan ɗumi kofi ɗaya da rabin ƙaramin cokali na gishiri, sau uku ko huɗu a rana, bayan cin abinci. In a rana ta biyu zuwa ta huɗu zafi ya ƙaru maimakon raguwa, yana harbawa kunne, baki yana wari, to gudan jinin ya fita ƙashi ya bayyana. An fi samun haka a turamen ƙasa da kuma masu shan taba. Komawa za ka yi a wanke a sa magani a ramin, kafso ba ya maganinsa.

Hawan jininka ba ya hana ko ɗaya daga cikin biyun. Ka sha maganinka da safe kamar kullum, ka karya kumallo, ka tafi da kwalayen magungunan a gani. Za a auna ka kafin allura. In ya kai 180 bisa 110 akan ɗage aikin da ba na gaggawa ba har ya sauka. In cikin magungunanka akwai mai tsinka jini, irin su asfirin ko wafarin, ka faɗa, amma kada ka daina sha da kanka. Tunda ga ƙurji mai yawan dawowa, a auna maka suga ma, don ciwon suga da ba a sani ba yana hana irin wannan warkewa.

Maganin zafi kafin ranar zuwa: farasitamol giram 1, wato ƙwaya biyu masu miligiram 500, duk bayan sa'a 6 zuwa 8, kada ya wuce giram 4 a wuni. Ibuprofen ya fi shi aiki a ciwon haƙori, amma yana iya ɗaga hawan jini, yana taɓa ƙoda, yana tayar da gyambon ciki, don haka kai kam sai da izinin likitanka. Kada ka danna asfirin a dasashi, ƙona nama yake yi. Ruwan batir da fetur da wasu ke ɗigawa a kogo ɓarna ce tsantsa. Kanumfari yana ɗan kashe zafi na ɗan lokaci, iyakarsa ke nan. Masu cewa za su fitar maka da tsutsa daga haƙori kuma, babu tsutsa a ciki, ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, waɗanda sukarin shayi da lemon kwalba ke ciyarwa.

Mako ukun da ya rage maka ya isa, in ka motsa a wannan makon. Zama na farko yanzu: hoto, aunawa, buɗewa da wanki. Zama na biyu bayan kwana 7 zuwa 14: toshe saiwoyi. A ranar ko kafin ka tafi, a yi maka cikon dindindin mai ƙwari, ba na wucin gadi ba, a kuma ɗan rage tsinin haƙorin don kada ya riƙa karo da na sama da ƙarfi. In lokaci da kuɗi sun ba da dama a auna hula a sa kafin tafiya, ya fi. In ba su ba da ba, da cikon dindindin za ka iya yin wata biyun, bisa sharaɗin ka mayar da tauna ɓangaren dama, ka bar goro, ƙashi, aya da kilishi a wannan gefen, ka kuma sa hular da zarar ka dawo. In cirewa ce, kada ka bar ta sai jajibirin tafiya. A yi ta aƙalla kwana 10 kafin ka hau mota, don in ramin zai ba da matsala ya ba da ita kana kusa da wanda ya yi aikin.

Tunda wurare biyu sun ba ka magana biyu, ra'ayi na uku ba ɓata lokaci ba ne. Asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba da na LASUTH da ke Ikeja duk suna da sashen haƙori mai ƙwararrun gyaran saiwa da na tiyatar baki, kuɗinsu yakan fi na asibitin kuɗi sauƙi, sai dai akwai layi da jiran rana, ga shi kai kuma kwanakinka ƙidayayyu ne. Ka yi sammako, ka faɗi ranar tafiyarka tun a zaman farko. In asibitin kuɗi za ka, ka tabbatar cikakken likitan haƙori ne mai rajista da MDCN, hukumar da ke kula da likitoci da likitocin haƙori a Najeriya, zai yi aikin da hannunsa, ka kuma tambaye shi kai tsaye ko yana yawan yin rut kanal na turmi, don na turmi ya fi na haƙoran gaba wuya sosai. Duk inda aka yi, ka ɗauki hotunan haƙorin a wayarka, na farko da na ƙarshe, tare da 'yar takardar abin da aka yi da ranar da aka yi shi, saboda in wani abu ya taso kana can gida, likitan da za ka je wurinsa ya san daga inda zai kama.